Shekarar da Sule Ya Faɗo

Kun taso kun tarar ana cewa Bukar kafinta ne ya yi sanadin Baffanku Sule. Ba a faɗar maganar da ƙarfi, amma kun ji ta a bakin kakarku Inna, kun ji ta a bakin matan gidan nan, har 'yar'uwarku Rabi ta taɓa tambayata tana ƙarama ko mutumin mugu ne. Na ce mata ta tafi wajen wasanta. Yanzu da idona ya yi rauni, sai na fito hasken rana kafin in ga layin takarda, zan ba ta amsar da na hana ta, in ba ku ku duka. Ba Bukar ba ne. Ku karanta har ƙarshe, sannan kowa ya ɗauke ni yadda ya ga dama.

Mu biyu ne maza da suka rayu a cikin 'ya'yan Inna, ni da Sule, shekara shida tsakaninmu. Kun san yadda ƙauyenmu yake a gabashin Minjibir, gona ta haɗe da gona, babu sauran dajin da mutum zai sara ya ƙara. Abin da mahaifinmu ya bari, da aka raba, bai isa ya kai gida biyu daga kaka zuwa kaka ba. Shi ya sa da an kai gero da dawa rumbu, an tsinke gyaɗa, sai mu ɗauki cokalin gini mu fita. Ni na fara koyon birkila a birni, na dawo na koya wa Sule, kuma ba na jin kunyar faɗa, cikin shekara uku ya wuce ni a filasta. In ya shafe bango sai ka rantse ba hannu ne ya yi ba. Dogo ne siriri, ba ya tsoron sama ko kaɗan, yana can ƙololuwar gini yana tsokanar leburori, kowa na dariya, aiki na tafiya. A shekarar da nake ba ku labari yana da 'ya'ya biyu, matarsa Talatu kuma tana da cikin na uku.

Bukar shi ne kafintanmu. Kakansa ne ya zo daga Barno da fatauci ya zauna, shi kuwa nan aka haife shi, nan ya yi karatun allo tare da mu, bai iya yarensu ba in ban da gaisuwa. Amma mutanenmu in rai ya ɓaci sukan tuna asalin mutum. Shekara goma muna aiki tare. Shi ke kafa mana dandamalin da muke hawa, wato sandunan itacen turare da ake binnewa a jikin gini, a gicciya wasu, a shimfiɗa katako a kai. Mutum ne mai tsantseni har yana ba mu haushi. Kowace safiya sai ya bi sandunan ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa, yana ƙwanƙwasa ƙusa, mu kuwa muna tsaye siminti yana jiranmu.

A ranin shekarar da nake faɗa mun sami aikin bene na wani ɗan kasuwa da ke zaune a birni, a bakin hanyar Minjibir. Ni ne shugaban aikin. Mun kai ƙarshe, abin da ya rage kawai filastar waje ta hawan sama a ɓangaren gabas. Duk wanda ya taɓa gini a ƙasar nan ya san gabas ce ke shan duka in hadari ya taso, ba a so damina ta tarar da ita tsirara. Ga shi kuma lokacin shuka ya matso, hankalin kowa ya koma gona. Ranar wata Talata bayan la'asar, leburori sun watse, Bukar ya kira ni bayan ginin. Ya durƙusa ya tone ƙasar da ke gindin wata sanda da bakin gudumarsa, ya caka mata ƙusa. Ƙusar ta shige kamar cikin gwanda. Ya nuna mini ta biyu, ya nuna mini ta uku.

"Malam Haruna, gara ta cinye su daga ƙasa," in ji shi. "Sama kawai ka gani lafiya. Gobe zan je in samo sababbi, jibi da safe in canja. Don Allah kada kowa ya hau gabas kafin in dawo."

Na ce masa to, Allah ya kai mu. Da hannunsa ya ɗauke tsanin da ke jingine a wajen ya kwantar da shi a ƙasa, sannan ya hau kekensa ya tafi.

Washegari muka wayi gari gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska mai sanyi tana kaɗawa, kana jin ƙanshin ruwa daga nesa, leburori sai zancen iri suke yi, wasu ma sun ce in aka yi ruwa yau gobe ba za a gan su ba. Na zagaya bayan ginin ni kaɗai na tsaya ina kallon bangon nan. Aikin rabin yini ne. Na kama sanda ta farko na girgiza, ta tsaya. Na kama ta biyu, ta tsaya. Ta ukun ban taɓa ta ba, kuma na san dalilin da ya sa ban taɓa ta ba. Na ce a raina Bukar ya cika tsoro, abin da ya ɗauke mu wata guda ba zai gaza yau ba, Sule kuma ba shi da nauyi. Ni na ɗaga tsanin nan daga inda Bukar ya kwantar da shi, ni na mayar da shi na jingine. Na ƙwala wa ƙanena kira.

"Sule, hau ka rufe mana gabas kafin ruwan nan ya sauko."

Ya dube ni, ya dubi dandamalin, ya ɗan yi jim. Sannan ya ce, "To, Yaya."

Ya yi kamar awa biyu a sama, har ya ci rabin bangon. Ina ƙasa ina duba kwaɓi, ana miƙa masa da kwanon sarki. An ɗora kwano biyu cike a kan katakon, ya matsa zuwa kusurwa domin ya ɗiba, sai na ji ƙara kamar an take busasshen kara. Ba wata babbar ƙara ba ce. Na ɗaga kai na ga dandamalin yana rabuwa da bango a hankali, Sule ya miƙa hannu yana neman abin kamawa, babu komai sai ɗanyar filastar da ya shafa. Ya faɗo da baya a kan tarin bulo, katako da kwanuka suka biyo shi. Da na isa idonsa biyu, siminti ya rufe masa rabin fuska, babu jini sai kaɗan a kunne. Har na fara hamdala. Sai ya ce:

"Yaya, duba mini ƙafafuna. Suna nan?"

Suna nan, ko ƙwarzane babu. Na matsa babban yatsansa na ce ya ji? Ya ce in matsa mana. A lokacin ina matsawa da iya ƙarfina.

Abin da muka yi bayan nan shi ma ina so ku sani, domin wataƙila wata rana ku tsaya a kan wani da ya faɗo. Mu huɗu muka cicciɓe shi, biyu a hannu biyu a ƙafa, bayansa yana lilo a tsakani, muka naɗe shi a bayan wata motar ɗaukar kaya da muka tare. Hanya duk gargada, kansa a cinyata har birni. Da likita ya gama dubawa ya tambaye ni yadda muka ɗauko shi, na gaya masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce ƙashin baya ya karye, laka ta taɓu, kuma wanda ya faɗi irin wannan faɗuwa a kan ƙofa ko faffaɗan katako ake kwantar da shi, ba a lanƙwasa shi. Ga katako birjik a wurin aikin, babu wanda ya sani a cikinmu. Ruwan da na yi wa gaggawa kuwa bai sauka ranar ba. Iska ta watsar da hadarin kafin azahar, sai bayan kwana tara aka yi ruwan shuka.

Inna ta iso asibitin washegari tare da Talatu. Ta tsaya a kan gadon tana shafa ƙafar da ba ta jin shafar. Labari ya riga ya je mata cewa sandunan ruɓaɓɓu ne. Ta juyo ta ɗaga hannu biyu a gaban mutanen ɗakin.

"Duk wanda ya san itacen nan ya ruɓe ya bar ɗana ya hau, ban yafe masa ba duniya da lahira. Allah ya isa tsakanina da shi."

Ina tsaye a bayanta, tazarar da ke tsakaninmu ba ta fi taku biyu ba. Bukar take nufi. Ni kaɗai na san inda maganar ta sauka, ko in ce haka na zata.

Bayan sati uku aka sallamo mu, aka ce babu abin da za a ƙara yi masa. Muka ɗauko wani maɗori daga wajen Shanono, ya shafa ya ja ya ɗaure, bayan kwana arba'in shi ma ya ce sai dai addu'a. A tsakanin nan ne mai unguwa ya tara mu a zaurensa, domin maganar ta yi zafi, wasu samari har sun jefi ƙofar gidan Bukar. Zauren ya cika, liman yana nan, dattawa suna nan. Bukar ya faɗi abin da ya faru daki-daki, bai ƙara ba bai rage ba, har da tsanin da ya kwantar. Mai unguwa ya juyo gare ni.

"Haruna, ka ji abin da ya ce. Ya gaya maka ko bai gaya maka ba?"

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Fuskar Inna kawai nake gani da hannayenta a sama. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni aikina bulo da siminti ne. Zancen itace na kafinta ne. Ban tuna mun yi wannan magana da shi ba."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Wani daga baya ya ce ai dama Babarbare ba zai amsa laifi ba. Bukar bai kula shi ba, ni yake kallo. Bai yi rantsuwa ba, bai ɗaga murya ba.

"Malam Haruna, ka dai sake tunawa," in ji shi.

Ban ɗago ba. Da ya ga haka sai ya tashi ya yi wa mai unguwa sallama, ya sa takalmansa ya fita. Ba a yanke masa wani hukunci ba, an ce ƙaddara ce, kowa ya yi haƙuri. Amma daga ranar ko kujerar tsugunne ba wanda ya sake ba shi ya gyara. Matarsa in ta je ɗiban ruwa sai mata su yi shiru har ta tafi. A masallaci mutane suka riƙa barin gurbi a gefensa. Ya daure har aka yi girbi, ya kwashe amfanin gonarsa, ya bar gidan da aka haife shi ya koma wajen Kunci da iyalinsa.

Shekara huɗu Sule ya yi a kwance. Wasunku sun tuna shi a kan katifar nan a gindin darbejiya, amma ba ku san abin da ke ƙarƙashin zanen da aka lulluɓe shi da shi ba. Daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin komai, ba ya riƙe fitsari, ba ya riƙe bayan gida. Talatu ta haihu tana jinyarsa, da jego a jikinta take juya shi, ta wanke, ta shanya, ta sake wankewa. Duk da haka bayansa ya yi gyambo, irin wanda in ya warke nan sai ya ɓulle can. Ƙafafun da ke hawa tsani da gudu suka tsotse suka koma kamar sanda. Ni kuwa na ajiye cokalin gini, ban sake taka wurin aiki ba, na haɗa gonarsa da tawa ina nomawa. Kullum da hantsi ni ke goya shi in fito da shi inuwa, da la'asar in mayar. Mutane suna wucewa suna sa mini albarka, suna cewa kowa ya sami ɗan'uwa irin Haruna ya gode wa Allah. Mahaifiyarku takan tambaye ni me ya sa duk ranar da aka yabe ni ba na iya cin tuwo. Inna kuma ba ta fasa ba, in tana tankaɗe, in tana kaɗa miya, sunan Bukar yana bakinta. Sule ne kaɗai ke tare ta.

"Inna, ki bari haka nan. Ba kyau."

"In bari? Kai da aka mayar haka kake cewa in bari?"

"Ni aka mayar, kuma ni na ce ki bari."

A shekara ta huɗu, cikin zafin bazara, wata rana da azahar ina yi masa aski a gindin bishiyar, gidan ya yi tsit. Na jiƙa masa kai na fara, sai ya yi magana bai juyo ba.

"Yaya, ranar Talatar nan ina bayan katanga ina wanke cokali. Na ji duk abin da Bukar ya gaya maka."

Askar ta tsaya a hannuna. Abin da ya fito daga bakina tambaya ce marar kunya. Na ce to me ya sa ya hau?

"Kai ka ce in hau," in ji shi. "Kuma na san halinka. Da na ƙi, da kai za ka hau don ka nuna mini ba komai, ga shi ka fi ni nauyi. Na ɗauka zai ɗauke ni."

Na zauna a ƙasa ina kuka kamar yaro, rabin kansa a aske rabi da kumfa. Ya bar ni na yi mai isata. Ya ce bai gaya wa Inna ba, kuma ba zai gaya mata ba, domin ɗa ɗaya ya rage mata a tsaye. Ya ce tsakanina da shi babu komai, ya yafe tun yana asibiti. Amma hakkin Bukar ba nasa ba ne balle ya yafe mini, in tashi in je in same shi. Sannan ya ce in ƙarasa askin kafin kumfar ta bushe. Da damina ta faɗi gyambon ya shiga jininsa, zazzaɓi ya kama shi kwana shida, ya rasu ranar Juma'a da safe.

Sai da shekara ta zagayo na iya zuwa Kunci. Na sami Bukar a wata 'yar rumfa a gefen kasuwa yana yin ƙofofi da benci. Ya yi furfura, ya rame. Ya gane ni tun daga nesa, ya share mini benci, ya aika aka kawo ruwa, ya yi mini ta'aziyyar Sule, ya ce labari ya iso masa. Ya ce tun da ya bar garinmu bai sake kafa wa kowa dandamali ba, hannunsa ba ya yarda. Na durƙusa a cikin garin katako na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurare ni har na gama.

"Tashi, Malam Haruna, kai ba yaro ba ne," in ji shi. "Abin da ke tsakanina da kai na bar wa Allah tun tuni, ban riƙe ka ba. Amma ni ai na san gaskiya, ba ni nake bukatar jin ta ba. A gaban mutane ka faɗi waccan maganar. 'Ya'yana har yau ba sa iya zuwa garin da aka binne kakanninsu. In da abin da za ka yi mini, ka koma inda ka faɗa ka gyara."

Na yi masa alkawari. A mota ina dawowa har na shirya kalmomin da zan faɗa. Da na shigo gida na tarar da Inna zaune a ƙofar ɗakin Sule tana jan carbi, ta ɗago ta ce, "Ka dawo, Haruna? Allah ya yi maka albarka, kai kaɗai ka rage mini." Sai na ce a raina bari dai tsohuwar nan ta cika da sanyin zuciya, in ya so in faɗa. Haka na gaya wa kaina, kuma akwai gaskiya a ciki, amma mafi yawansa tsoro ne. Inna ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Bukar bai kai haka ba, ya riga ta da shekara uku. Ban je jana'izarsa ba domin ban ji ba sai bayan wata biyu, a bakin wani mai sayar da awaki. Bayan rasuwar Inna ma ban faɗa ba. Na ce wanda zan wanke ya tafi, me ya rage? Talatu kaɗai na samu na gaya wa. Ta saurare ni tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba, ta ce Sule ya hana ta tambaya, ita ma ba ta tambaya ba, amma ta daɗe da lura ba na iya haɗa ido da ita. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban ga laifinta ba.

Bara, bayan ciwon da ya kwantar da ni har kuka taru, na ga in ban yi yanzu ba to ba zan yi ba. Ranar Juma'a bayan an sallame na roƙi liman ya tsayar mini da jama'a. Na miƙe da sandata na faɗi komai, tun daga ƙusar da ta shige cikin itace har zuwa abin da na ce a zauren mai unguwa. Na ce Bukar kafinta bai ci amanar kowa ba, ni na mayar da tsani, ni na ce a hau, ni na yi ƙarya. Na zata masallacin zai ruɗe. Da na gama na duba sahu-sahu ina neman fuskokin da ke zauren nan a wancan lokaci. Mai unguwar ya rasu, tsohon liman ya rasu, wanda ya yi gorin asali ya rasu. Mutum biyu na gani, ɗaya ya kurumce, ɗayan kuma hankalinsa ya riga ya gushe. Sauran duk suna kallona da ladabi, suna jira in gama su tafi. Limamin yanzu, wanda sa'an babbanku ne, ya yi mini addu'a mai kyau, ya ce Allah yana karɓar tuba. Da muka fito yana taya ni neman takalmina, ya matso kusa da kunnena don kada ya kunyata ni.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji shi. "Wane ne Bukar ɗin?"